An Sabunta Aron Littafin Zuma

Litinin, sha ɗaya na safe

An sabunta aron littafin kiwon zuma yau da safe. Saƙon laburare ya shigo wayata muna tsakiyar taron editoci, wai an ƙara mini sati biyu. Ba ni na nema ba.

Littafin yana hannun maigidana Malam, Malam kuwa rabonsa da gida kusan sati biyu ke nan. Ya fita da ƙaramar jaka da tabaransa da wannan littafi, washegarin ranar da muka dawo daga wajen likita. Wayarsa da agogonsa suna nan kan durowa inda ya ajiye su.

Na karanta saƙon, na kife wayar, na koma gardamar da muke yi a kan kanun shafin farko. Mataimakina ya ce, "Anti, lafiya? Yau kin bar ni na ci gardama." Na ce kada ya saba.

Litinin, bayan magariba

Bari in rubuta shi dalla-dalla, kamar labarin wata ne ba nawa ba.

Malam bai taɓa yin katin laburare ba. Kyauta ake yi, amma ya ce, "Edita, gida ɗaya kati biyu almubazzaranci ne." Da nawa yake aro. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, don haka lambar katin da lambar sirrin duk suna kansa. Ni kuwa sai na duba. Tun da ya yi ritaya yake jigilar wannan littafi mai koren bango, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Ko amya ɗaya bai taɓa saya ba. Auta, ƙaramar 'yarmu, ta ce gidanmu kaɗai ake kiwon zuma babu ƙuda ko ɗaya.

Na nuna mata saƙon da ta dawo daga kantin maganin da take aiki. Ta zauna a kan hannun kujera da jakarta a kafaɗa.

"Umma, yana raye!"

"Ban ce ba. Na ce an sabunta littafi."

"To aljani ne ya sabunta?"

"Majiya ɗaya ce. Gobe zan je in ji."

Ta ce, "Wallahi wani lokaci ji nake kamar jarida ce ta haife ni." Ta shige ɗaki. Na ji kukanta ta bango. Ban bi ta ba, don ban san abin da zan ƙara a kan abin da na faɗa ba.

Talata, ƙarfe biyu

Na je. Rabona da babban laburaren ya yi shekaru, ni da ake aro da sunana. Sun cire tsohon teburin katako, sun sa mai lanƙwasa, sun jera kwamfutoci ta jikin taga. Warin bai sauya ba.

Matar da ke teburin aro tana da tabarau mai igiya a wuya. Na miƙa katina, na tambaye ta ko na'ura ce ke sabuntawa da kanta idan rana ta cika.

"A'a, Hajiya. A nan sai an nema. Ko mutum ya zo, ko ya buga waya, ko ya shiga shafinmu. Sau biyu ake sabuntawa, in dai ba wani ke jiran littafin ba."

"Wannan ta ina aka nema?"

Ta duba. "Ta waya." Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashi. "Ba ke ba ce?"

"Maigidana ne."

"Mai zuma?" Ta yi dariya. "Ashe ke ce mai katin! Mun sha gaya masa ya yi nasa, ya ce sai ya fara girbi. Yana lafiya? Kwana biyu ba mu gan shi ba."

Na ce ya yi tafiya.

Ba sa ajiye lambar wanda ya kira. Wanda ya amsa wayar jiya sai Asabar zai dawo aiki. Ta ba ni 'yar takardarsu ta ayyuka, na karɓa don kada hannuna ya zauna haka: littattafan sauraro, masu manyan haruffa, motar da ke zagaya unguwanni, kai wa marasa lafiya littafi har gida. Na ninke ta kafin in kai ƙarshe.

Laraba, da yamma

Yayan Malam ya zo. Bai taɓa ruwan da na kawo ba.

"Ke da kike da jarida a hannu, ki sa hotonsa mana! Ko rediyo. Mutum ya ɓace kina bin sawun littafi?"

"Yaya, bai ɓace ba. Tafiya ya yi da ƙafarsa."

"Bambancin me ke nan?"

Na san bambancin. Na sha buga irin waɗannan hotuna a shafi na bakwai, na kuma san yadda ake karanta su a teburin mai shayi. Ranar da Malam ya ga fuskarsa a jarida, da ɗalibansa na shekara talatin suna miƙa wa juna, ranar zai ƙara nisa. Na faɗa wa Yaya haka.

Ya ce, "Wai me likitan ya ce ne?"

"Shi zai gaya maka."

"Faɗa kuka yi?"

"Ko kusa. Ya ci abinci, ya ce na cika gishiri, ya kwanta."

Ya tafi yana cewa ilimi ya yi mana yawa a gidan nan.

Alhamis, da safe

Agogonsa ya tsaya. Irin wanda ake wanawa da hannu ne. Na wana shi.

Asabar, azahar

Mai amsa wayar dattijo ne mai sanƙo, yana jera littattafan da aka dawo da su a kan keke. A ɗakin gefe wata mata na karanta wa yara labari, suna amsa mata da ihu. Sai da na ɗaga murya.

Ya tuna. Ya ce ba kullum ake samun mai karanto lambar kati ba tare da in'ina ba. Namiji ne, murya a natse.

"Ka ji wani abu a bayansa? Mota, kasuwa, ruwa?"

"Hajiya, ni fa ba ɗan sanda ba ne. Na ji mutum yana son littafinsa."

"Bai ce komai ba ban da haka?"

Ya ajiye littafin da ke hannunsa. "Ya tambayi aikin kai wa gida. Ya ce, sai mutum ya kwanta ne ake kawo masa, ko tun yana iya tashi? Na ce in dai fita tana yi masa wuya, ya isa. Amma sai ya yi kati da sunansa, ya ba da adireshi. Ya ce, to, na ji."

Na gode masa. Na tambaye shi yadda yake yi idan an kira, don in ji ko akwai wata kafa. Ya ce ba wani abu: a ba shi lamba, shi kuma ya karanto wa mutum duk abin da ke kan katin, ya tambaya wanne za a sabunta.

Na wuce sashen lafiya. Na karanta abin da na je karantawa a tsaye, ban ara ba, don kada ya hau kan katin a karanto masa. Ba abin da na gani wanda likita bai riga ya faɗa ba. Likita ma ya fi su tausasawa.

Da zan fita na tsaya a kantar aikin gona. Akwai wani siririn littafi a kan yadda ake haɗa amya ta katako, da zane-zane da awo. Shi na ara. Idan ya kira za a karanto masa littafi biyu. Ya san ban iya riƙe guduma ba.

Ban gaya wa Auta ba. Da kunya mace irina ta ce ga hanyar da ta samu ta yi wa mijinta magana.

Litinin, ƙarfe goma

Asibiti sun kira. Na riga na ɗaga ranar farko da suka ba Malam ya koma, yau na ɗaga ta biyu. Matar ta ce ta ba mu Juma'ar ƙarshen wata, kuma likita ya ce in gaya wa mai jikin wannan ba abin da ake ɗagawa ba ne. Na ce zan gaya masa.

Laraba, bayan la'asar

Auta ta dawo da wuri, tana waƙa a kicin. Ta wanke masa jallabiyoyi, ta goge, ta sauya zanen gado. Na tambaya ko ta ji wani abu ne. Ta ce, "Majiya ɗaya ce, Umma, sai na tabbatar." Na ƙyale ta. Na ɗauka tsokanata take yi.

Ɗanmu, yayan Auta, ya kira daga ƙasar da yake aiki, ya nemi Baba. Na ce ya fita. Ba ƙarya ba ce.

Juma'a, da safe

Na gyara labarin wani mutum da aka tsinta a bakin hanya, ba takarda a jikinsa. Na kira wakilinmu na tambayi shekaru. Matashi ne. Na cire sifa biyu daga sakin layi na farko, na tura shi.

Lahadi, da yamma

Gobe ranar mayarwa. Saura sabuntawa ɗaya. Na sa wayar a caji tun yanzu.

Litinin, tara na safe

Ba saƙo.

Litinin, sha biyu

Ba saƙo. Na fita taro na duba ko kuɗin waya ne, alhali na san karɓar saƙo ba ya cin komai.

Litinin, bayan magariba

Auta ba ta je aiki ba yau. Ta shigo da magariba, idanu jawur, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

Ga abin da ya faru, yadda ta faɗa. Ranar Laraba ta je laburare da tsohon katinta na makaranta, ta sa sunanta a layin littafin zuma. Ta san doka: in wani yana jira, ba a sabuntawa. Ta kuma san ubanta, wanda bai taɓa riƙe abin wani ya wuce rana ba. Lissafinta shi ne zai kira, a ce masa wani na jira, ya ɗauko littafin ya kawo da kansa. Tun buɗewa ta zauna a kujerar da ke kallon ƙofa, har aka kashe fitilu. Bai zo ba.

"Kin san me kika yi?"

"Na yi wani abu! Ke me kika yi? Kin zauna kina jiran saƙo kamar mai jiran sakamakon jarrabawa."

"Saƙon nan shi kaɗai ne ke gaya mana yana numfashi."

"Sati biyu-biyu? Daga nan fa? Ranar asibiti fa, Umma? Ita ma sabunta ta za a yi ta yi?"

Tambayar daidai ce. Da wakilina ne ya yi wa wani jami'i ita, da na yaba masa.

Ta ce, "Laifina ne ko?" Na ce ta ci abinci. Na san ba amsar da take nema ba ce.

Talata, ƙarfe goma

Mun je tare. Mai tabarau ta saurari Auta har ƙarshe, ta ce, "'Yata, ai da kin tambaye ni. Ba dole sai nan ake mayarwa ba. Duk reshen da ya ga dama zai iya kaiwa, ko ya miƙa wa motarmu, ko ya jefa a akwatin bakin ƙofa ko da an rufe. Ba wanda zai ga fuskarsa."

Auta ta ce a cire sunanta. An cire ko ba a cire ba, an riga an gaya masa.

Dattijon yana nan yau, yana riƙe wa wani aiki. Ya ce e, an kira jiya da safe. Ya gaya masa wani na jiran littafin zuma. Mutumin ya ce, "Wa?" Ya ce ba a faɗa. Sai dattijon ya ce masa, ɗayan fa, na haɗa amya, a sabunta?

"Ya ce, wane ɗayan? Na maimaita masa sunan. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ya ce na gode, ya ajiye."

"Fushi ka ji ko me?"

"Shiru na ji, Hajiya."

Auta ta juyo ta dube ni. "Wane littafin amya?"

A mota na gaya mata. Ta yi dariya hawaye na zuba. "Kin hana a sa hotonsa a jarida, kin koma yi masa zance ta bakin tsoho mai sanƙo." Na ce ta sa bel.

Ba ta cire sunan ba daga ƙarshe. Ta ce in ya dawo da shi, gara ya zo hannunmu.

Laraba, ƙarfe huɗu

Saƙo ya shigo. An karɓi littafin kiwon zuma, an gode.

Na kira. A akwatin reshen da ke kusa da babbar tasha aka same shi da safe. Daga wannan tasha mota na zuwa ko'ina. Tana kuma zuwa daga ko'ina. Na rubuta duka biyun don ban san wanne ne labarin ba.

Yanzu ba abin da ke hannunsa da zai sa ya kira.

Alhamis, da safe

Na wana agogon.

Juma'a, bayan la'asar

Auta ta karɓo littafin. Mun zazzage shi shafi-shafi a kan teburin cin abinci, mu biyu, kamar masu binciken kwastan. Ba takarda, ba rubutu. Malam ba ya rubutu a littafin aro, ba ya ma ninke kunnen shafi. Na san haka tun kafin mu buɗe.

Auta ta kai shi hanci. Ta ce warin man zafinsa ne. Na shinshina, na ji warin laburare.

Yaya ya kira. Ya ce in Litinin ta yi ba labari, shi zai je rediyo da kansa, in na ga dama in yi fushi. Na ce ya ba ni zuwa Alhamis. Ban san me ya sa na ce Alhamis ba.

Asabar, azahar

Ranar mayar da littafin amya. Na sabunta shi da kaina. Saƙon ya shigo, na yi sauri na ɗauki wayar, ni da na nema.

Lahadi, da yamma

Na karanta babi biyu na littafin zuma. An rubuta shi da kyau, ba sifa ko ɗaya da zan cire. Ban taɓa tambayarsa abin da ke ciki ba. In ya fara sai in ce, "Malam, kawo zumar tukuna." Shi kuma ya ce, "Edita, ke komai sai kin gani a buge."

Da muka fito daga wajen likita ran nan, ni na riƙa yin tambayoyi a mota: kashi nawa cikin ɗari, wata nawa, wane asibiti ya fi. Shi yana kallon taga. Na ɗauka taimako nake yi.

Litinin, sha ɗaya da rabi

Waya daga laburare, ba saƙo ba. Muryar mai tabarau ce, amma irin muryar aiki. Na fita baranda.

"Hajiya, daga sashen kai wa gida nake kira. Wani ya yi sabon kati a reshen tasha ranar Asabar, ya nemi a riƙa kai masa littafi gida. Ya ba da lambarki a matsayin wadda za a tuntuɓa. Dokarmu sai mun tabbatar da adireshi kafin mota ta fita."

Ta karanto adireshin. Gidanmu ne, har da "ƙofa mai shuɗin fenti" da yake ƙarawa kullum.

"Sun gan shi? Yaya yake? Ya rame?"

"Wannan ba zan iya faɗa ba, yanzu mai katin kansa ne. Ni tambaya ɗaya aka ba ni. Yana zaune a wannan adireshi?"

Shekara ashirin da wani abu ina hana yaran ofis buga abin da ba su tabbatar ba. Na dubi motocin da ke wucewa a ƙasa.

Na ce, "E. Nan yake zaune."

"To madalla." Muryarta ta koma tata. "Littafi ɗaya ya nema, kuma yana hannun wata. Ba a faɗar suna. Amma in kin san ta, ki ce mata wani na jira."

Litinin, bayan la'asar

Auta ta bar kanti a hannun abokiyar aikinta, ta mayar da littafin zuma kafin a rufe. Ta kira ni daga bakin ƙofar laburare tana haki.

"Umma, majiya nawa ke nan?"

"Ɗaya da rabi."

"Allah ya shirye ki."

Na kira Yaya na ce ya dakata da rediyo. Ban kira asibiti ba. Juma'a tana nan yadda take.

Na san abin da wannan ba ya nufi. Mutum na iya ba da adireshi bai zo ba. Yana iya yiwuwa so yake littafin ya iso gida ko da shi bai iso ba. Kuma wanda ya nemi a kawo masa littafi har gida ya yarda ke nan da wani abu game da jikinsa, wanda ni har yau ban rubuta sunansa a nan ba.

Laraba, bayan magariba

Na sayo katako, an yanka mini bisa awon da ke shafi na tara. Yana jingine a tsakar gida. Mai yankan ya tambaya ko akwatin kaji ne, na ce kusan haka.

Na daidaita agogon da na wayata, na mayar kan durowa.

Motar laburare tana zuwa layinmu gobe Alhamis, tsakanin goma da sha biyu. Karon farko ba sa ba kowa sai mai katin, hannu da hannu. Na tambaya sau biyu. Sun ce in ba ya nan, za su koma da littafin.